Shekarar da Hajiya Ta Yi wa Kwamfuta Fifita

Ina jin yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da abokanku, musamman kai Bashir da ba ka iya ba da labari ba sai ka zuba masa gishiri. Kuna cewa wai Mama ta ƙirƙiri manhajar waya a lokacin tashin hankali, manhajar ta ceci ran babanku. Yabon yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ba haka aka yi ba. Tunda yanzu gwiwoyi sun zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance. Akwai waɗanda suka fi ni cancantar a ambata, biyu daga cikinsu kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya sa sun huta.

A shekarar da bama-bamai suka fara tashi a cikin garin Gombe muna gidanmu na unguwar Dawaki. Ni ina koyar da ilimin kwamfuta a makarantar 'yan mata, yawanci da alli da allo, babanku yana da shagon tayoyi a bakin tashar mota, ku kuma kowa da makarantarsa, Zainab tana ajin ƙarshe na sakandare, Bashir yana bin bayanta, Ummi tana firamare. Da safe gida ya watse, a bar kakarku Hajiya ita kaɗai a tsakar gida da carbinta. Duk ranar da aka ji ƙara, ko da tayar babbar mota ce ta fashe, sai garin nan kaf ya ɗauki waya a lokaci guda, layi ya cushe, mutum ya kira har yatsa ya gaji ba ta shiga. Mu masu ƙafa mukan fita mu tambaya. Hajiya kuwa ga hawan jini, ga ƙafa ba ta kai ta ko bakin titi, sai dai ta zauna ta jira. Abin da ya ƙara mata nauyi, babanku ɗanta ne na fari, kun kuma san yadda mutanen zamanin da suke yi da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira, in za ta yi maganarsa sai ta ce Mai Taya, in za ta ba shi saƙo sai ta bi ta kaina ko da yana tsaye a gabanta. To a irin wannan rana za ta tambayi Ummi, ta tambayi Bashir, har akuyar maƙwabta sai ta tambaya ko ta dawo, shi kuwa ko uffan, sai dai ka ga tana ta jan carbi da sauri. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ita a ƙasa kusa da randa. Likita ya ce mun yi sa'a, amma in aka sake, ɓarin jikinta zai iya shanyewa.

A ranar da aka sallame ta daga asibiti, bayan mun ci abinci, babanku ya kira ni ɗaki.

"Ki fara haɗa kaya," in ji shi. "Ke da Hajiya da yara za ku koma gida, can ƙasar Katsina. Ni zan zauna in riƙe shago."

"Gida? Malam, ni nan ne gida. A Gombe aka binne cibiyata. Aikina fa? Karatun yaran fa?"

"In ta sake faɗuwa, aikinki ne zai ɗaga ta? Can ba za ta ji ƙarar komai ba."

Ya fi ni gaskiya, kuma ba abin da ke ba ni haushi kamar babanku ya fi ni gaskiya. Amma na san abin da tafiyar take nufi. Na ga gidajen da aka raba haka a kan za a dawo nan da wata biyu, har yau ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Na kwana biyu ina ɗaure fuska, ina ajiye masa kwano da ƙarfi, ban samu amsar ba shi ba.

Amsar a Kasuwar Gombe na same ta, a rumfar Mama Chidi. Kun san ta, amma ba lalle ku tuna ta da ƙuruciyarta ba, lokacin da take sayar da manja da busasshen kifi, muryarta kuma tana kai layi uku. Ita daga kudu maso gabas aka auro ta, Hausarta a kasuwa ta koya, shi ya sa a bakinta kowa namiji ne. Mijinta Oga Bona kuwa haifaffen unguwar Herwagana ne a nan Gombe, Hausarsa ta fi ta wasunmu, tare suka yi ƙwallon tsumma da babanku suna yara. Ina ba ta labarin faɗuwar Hajiya sai ta daki cinya.

"Malama, kai ma! Ni ba na kira. Tes nake turawa. Ya ƙi, na sake, ya ƙi, na sake. Tes kamar ɓera ne, ko an rufe ƙofa zai samu rami."

Tun daga kasuwa har gida maganar nan tana kaina. Mutumin da ke gudun ransa ba shi da lokacin rubuta saƙo ya yi ta sakewa. Amma in akwai abin da zai danna sau ɗaya, wayar ta ci gaba da turawa da kanta har saƙon ya kutsa, ai an rage wa masu jira azaba. A lokacin manyan wayoyin nan masu shafa fuska sun fara araha. Na taɓa koyon rubuta umarnin kwamfuta a karatun difiloma, shekaru da yawa baya, amma ban taɓa yi wa waya ba. Duk da haka na je na tsaya a gaban babanku kamar wadda ta san abin da take yi, na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen zangon karatu. Ya yarda, ba don ya gaskata ni ba, sai don jarrabawar Zainab.

Saura kwamfuta. Oga Bona ya taɓa yin shagon buga takardu, ya rufe, ya koma sayar da kayan wuta. Da Mama Chidi ta kai masa maganar, washegari sai ga shi a ƙofar gida da wata kwamfutar tebur da ya tono daga ƙarƙashin buhunan gari. Fara ce da can, amma ta koma kalar haƙorin mai cin goro, allonta kuma yana da ƙeya kamar tulu. Ya haɗo mini da filas, ɗan abin adana bayanai, wanda ya sa wani mai shagon intanet ya zuba kayan aikin da ake bukata da darussan koyo, don ya san layinmu na gida ba zai iya jawo su ba.

"Malama, wannan ta yi aikin da ya isa a ba ta fansho," in ji shi yana share gumi. "Ki lallaɓa ta. In ta mutu a hannunki, ki dai yi mata sutura mai kyau."

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don ku da kuka saba da kwamfutar da ake sawa a jaka ba za ku gane ba. Mutum zai rubuta umarni layi bayan layi, sannan kwamfutar ta harhaɗa su ta mayar da su abin da waya za ta iya karɓa. Ni dahuwa nake ce wa wannan matakin. Sabuwar kwamfuta kafin ka kurɓi shayi ta gama. Tawa kuwa sai in jiƙa wake, in ɗora, ya nuna, ita tana nan tana gurnani. In aka ɗauke wuta a tsakiya, sai a koma farko. In na manta ɗigo ɗaya, ba za ta gaya mini ba sai ta gama ɓata mini yini. Wannan ya koya mini karanta abin da na rubuta a bayyane kafin in ba ta, kamar mai bitar hadda, har kuka fara yi mini dariya wai Mama tana magana da aljanu. Bayan sallar asuba nake zama kafin in tafi makaranta, in dawo in zauna zuwa la'asar in an bar mana wuta. Akwai kuma wata wayar gwaji da ake buɗewa a cikin kwamfuta, ta fito a allo kamar ta gaske, mutum ya gwada aikinsa a kanta. Sau ɗaya na buɗe ta kafin azahar, har la'asar baƙin allo nake kallo, daga nan kwamfutar ta kashe kanta don haushi. Ke nan duk gwajin da zan yi sai a wayar gaske, wayar da kullum take gida kuma ita ce wadda babanku ya saya wa Hajiya bayan faɗuwarta.

A lokacin na ɗauki wannan a matsayin masifa. Yanzu ina gode wa Allah da ya ba ni tsohuwar kwamfuta. Da sabuwa na samu, da na kulle ɗaki na gama abina ni kaɗai, na fito da abin da ba mai iya amfani da shi sai ni. Gazawarta ce ta fito da ni tsakar gida, ta zaunar da ni kusa da surukata, wadda a shekarun aurena duka hirarmu ba ta wuce ta gishiri da magi ba.

Bazara ce, zafin Gombe kuma kun san shi. Fankar cikin kwamfutar ta daɗe da mutuwa, da ta ɗumama sai ta ɗauke. Na kwance murfin gefenta, na fito da ita inuwar baranda, ina aiki ina yi mata fifita da kwali. Hajiya tana tabarma tana kallona ta wutsiyar ido.

"Ke, wannan injin niƙan naki yaushe zai fitar da gari?"

"Tsohuwa ce Hajiya, sai a hankali."

"To ai mu tsofaffi ba a yi mana gaggawa. Je ki duba tukunyarki, miƙo mini mafici."

Daga ranar aikin fifita ya zama nata. In dahuwa ta fara, sai ta matso da tabarma, mafici a dama carbi a hagu, tana yi wa kwamfutar faɗa kamar ƙanwarta. Ta san ƙararta fiye da ni. Takan ƙwala mini kira daga madafi ta ce in zo, muryar mutuniyar ta canja, in zo kuwa in tarar ta gama.

Ranar da saƙon farko ya shiga wayar Hajiya na yi tsalle kamar yarinya. Na nuna mata rubutun, na ce ga shi, Zainab ta ce tana lafiya. Ta kalli wayar, ta kalle ni.

"Wa ya ce? Ni ban yi boko ba. Ko da na yi, rubutu ai kowa ma ya iya yi. In ji muryarta."

Na koma na sake gini. Na ɗauki muryar kowa na ajiye a cikin wayarta, yadda in saƙon mutum ya shigo, wayar za ta ɗaga murya ta yi magana da bakinsa. Na kawo mata, ta saurara, ta taɓe baki, wai wace irin tarbiyya ce mutum ya faɗo maka da magana ba sallama. Na sake tara ku aka ɗauka da sallama. Ta ce maballin ya yi ƙanƙanta, mai rawar hannu ba zai same shi ba, na mayar da shi rabin fuskar waya. Kowane gyara na nufin wata dahuwar, wani yinin, wani fifitar. A ƙarshe manhajar ta tsaya a kan maballi biyu. Kore yana nufin lafiya. Ja kuma, in aka danna, wayoyin 'yan gida duka su ɗauki jiniya irin ta motar asibiti, su faɗi sunan wanda ya danna. Ni na zaɓi jiniyar da kaina, ina alfahari da ita, ba kuma wanda ya ce mini komai a kanta, don kowa yana ganin ba shi zai danna ba.

Ta yi aiki, wannan kam ba ku yi ƙarya ba. Da aka ji ƙara ta wajen kasuwa, ina makaranta, amma maƙwabta sun ba ni labarin yadda Hajiya ta ajiye waya a kan tabarma, muryoyi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, tana amsa wa kowa sallamarsa. Su Mama Chidi suka sa a wayoyinsu, muka saka su a cikin namu, suka saka mu a cikin nasu. Matan unguwa suka fara turo wayoyi a sa musu, daga baya ma ba sai an zo wurina ba, waya tana ba waya. Babanku ya daina maganar tafiya, ko da yake bai ce ya fasa ba. Ni dai na fara taka ƙasa da ƙarfi.

Ranar da abin ya faru ina gida, bayan la'asar, ku kuna Islamiyya. Ƙarar ta girgiza kwanon rufi, da na leƙa waje sai ga hayaƙi ta wajen tasha. Na dawo na durƙusa kusa da Hajiya, waya a tsakaninmu. Muryar Zainab ta shigo a madadinku duka, sai ta Mama Chidi, sai ta Oga Bona. Muka zuba wa wayar ido. Can sai ga muryar babanku, da sallamarsa, yana cewa lafiya lau yake. Hajiya ta kau da kai kamar ba ta ji ba, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in tashi in ɗora tuwo, mutane za su dawo da yunwa. Na tashi na ɗora. Ni da na ƙera abin na fi kowa yarda da shi, ko sau ɗaya ban yi tunanin in je in duba ba.

Ana gab da magariba, ga dokar hana fita ta kusa, sai Mama Chidi ta yi sallama. Ɗankwalinta a karkace, ƙafarta duk ƙasa, da gani a ƙasa ta tako tun daga Herwagana. Ta gaida Hajiya da fara'a, sannan ta ce mini in fito in karɓi manjan da ta kawo mini a keke. Da muka fita zaure babu keke babu manja. Ta kama hannuwana biyu.

"Malama, ka tsaya da kyau. Mai Taya yana asibiti. Yana numfashi. Bona yana wurinsa."

"Ai kore ya danna!"

"Ya danna. Bona ma ya samu. Ya duba waya, ya duba hayaƙi, ya ce shi bai yarda ba."

Na juya zan ruga ciki da ihu, ta riƙe ni da ƙarfin mai ɗaukar jarkar manja, ta ce ba ni zan faɗa wa Hajiya ba. Muka aika aka kira Bappa Buba, dattijon da ke gidan kusa da mu. Ya zo da sandarsa, ya zauna a bakin ƙofa, ni ina laɓe a bayan labule ina cizon mayafi. Ya gaida Hajiya, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci, suka yi maganar ruwan da ya ƙi sauka. Sai da ya ga ta nutsu sannan ya ce Mai Taya ya ɗan samu rauni a ƙafa, yana hannun likita, an gode Allah da abin ya tsaya nan. Ta yi salati, ta yi hamdala, ta tambaya ko akwai wanda zai kai masa abinci. Matar da shiru ya kayar a gaban randa, ga ta zaune daram an gaya mata ɗanta yana asibiti. Na lura da wannan, amma a lokacin hankalina bai kai in gane ba.

Daga baya na ji sauran daga bakin Oga Bona.

"Tun muna yara na san mutumin nan," in ji shi. "Ya taɓa faɗowa daga bishiyar mangwaro, hannu ya karye, Hajiya ta leƙo ta tambayi lafiya, ya ce lafiya lau, ya ɓoye hannun a riga har ya kumbura. Shagonsa yana jikin wurin da hayaƙin ke tashi, sannan a ce mini kore? Na ce sai na gani da idona."

Ku yi tunanin abin da ya yi. A irin wannan lokaci kowa gudu yake daga wurin, wanda aka ga ya nufi wurin kuwa shi ake zargi. Ya tsaya a shingen sojoji yana roƙo, hannu a sama, har aka bar shi. Ya sami babanku a bayan tarin tayoyi inda ya ja jiki ya ɓuya, masu ɗaukar mutane sun wuce ba su gan shi ba, ƙarfe a cinya, jini ya jiƙa ƙasa. Ya goya shi har mota. A asibiti aka ce ana bukatar jini, ya naɗe hannun riga. In za ku faɗi wanda Allah ya sa ya ceci ran babanku, to ga sunan da za ku faɗa.

Da babanku ya farfaɗo sosai, maimakon in yi masa sannu sai na hau shi da faɗa, don tsoron da na ji duk ya koma fushi. Na ce na yi wata da watanni ina gasa kaina a gaban injin nan don irin wannan ranar, me ya hana shi danna ja?

"Yatsana yana kansa," in ji shi a hankali. "Sai na tuna jiniyar nan da kika sa, na hango ta zaune a tabarma. Da na danna, kafin a zo kaina an yi kanta."

Na fita baranda na yi kuka mai isata. Likitoci sun ceci ƙafar, amma sun ce daɗewar da ya yi a kwance ta ci nata rabon, gwiwar ba za ta sake lanƙwasa ba. Wannan ɗingishin da kuka san shi da shi, nan ya samo asali.

Bayan 'yan kwanaki ya ce mini, ba da faɗa ba, na dai ga iyakar abina, in haɗa kaya. Shi zai zauna ya warke, Bona zai duba shi, ya tada shago. Wannan karon ban yi musu ba. Zainab ta gama jarrabawa, zango ya ƙare, ba ni da sauran hujja. Na rubuta takardar barin aiki na ajiye a jaka, na cika buhunan bakko, na naɗe kwamfutar da tsohon zani don a mayar wa mai ita. Ina cikin ɗaure ta Hajiya ta yi gyaran murya.

"Kwance ta. Akwai sauran aiki."

"Hajiya, ai ta gaza."

"Ita ba ta gaza ba, abin da kika ce mata ta yi. Wa ya ce miki ana yi wa uwa ihu a kunne? Jan nan ya riƙa tafiya wurinki, da wurin mijin Mama Chidi, da wurin Bappa, ku masu iya tashi ku je. Ni kuma kada ta yi mini shiru, kada ta yi mini ƙarya. Wanda ya iya danna abu ai da ransa. To ta gaya mini wannan kawai, sauran a bar wa wanda zai shigo da sallama ya zauna."

Na kwance zanin. A raina na ce ko can ƙauye ma za a bukaci gyaran, tunda shi yana nan. Muka koma baranda a tsakiyar buhuna, ni da madannai, ita da mafici. Kwamfutar ta nuna halinta kamar ta san ana sauri, ta ɗauke, aka ɗauke wuta, na manta ɗigo, amma a ƙarshe ta dafa. Har yau in na tuna hannun tsohuwar nan yana kaiwa yana komowa a gefen buɗaɗɗen inji, sai in ji ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba, Allah ya kai haske kabarinta. Na ɗauki sabuwar muryar kowa a gida, saura ta babanku. Da na ɗauki mayafi zan tafi asibiti, sai na ga Hajiya ta riga ni sa takalmi. Tun da aka kwantar da shi ba ta je ba, kunu kawai take aikawa, kamar yadda uwar ɗan fari take yi.

Mun same shi a jingine, Oga Bona yana gefen gado yana ɓare masa lemo. Da ya ga Hajiya ya yi yunƙurin gyara zama, ta ɗaga masa hannu, ta zauna a kujera tana kallon bango. Na yi masa bayanin gyaran, na kara masa waya a baki. Ya yi sallama, ya ce yana raye, ga mutum nan zuwa. Da na kashe, sai ya dube ni, ya ce ya yi magana da direba, ranar Asabar za a zo a kwashe mu, in gaya wa Hajiya ta shirya.

"Ba sai ta gaya mini ba, ina ji," in ji Hajiya.

Ta juyo da kujerar, ta dube shi ido cikin ido. A zamana da su ban taɓa ganin haka ba.

"Kana so ka kai ni inda ba ni da kai sai a waya. To na ji irin abin da kake faɗa mini a waya. Kana kwance cikin jini, ni ina nan ina cewa a ɗora tuwo. Ba inda za ni. Ina nan inda in ka ce lafiya, zan aika a dubo mini, in ka shigo da yamma in ga tafiyarka da idona. Ka sallami direbanka."

Oga Bona ya tsaya da ɓare lemonsa. Babanku ya daɗe yana kallon rufi, hawaye yana gangara masa ta gefen kunne.

"To, Hajiya," in ji shi.

Da muka dawo gida ban ko cire mayafi ba na hau kwance buhuna, ina kuka ina dariya, ita kuma tana daga tabarma tana yi mini faɗa wai dubi yadda na cukurkuɗa mata zannuwa.